Ya ɗaga hannu, ya fito gaba: ya sami ceto ke nan?

Malamin Lahadi: Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma amsar da za a iya aiki da ita nake roƙo. Duk shekara ana taron farkawa a majami'unmu na Sabon Gari da Birget da Badawa a nan Kano. Daren ƙarshe mai wa'azi ya ce mai son karɓar Yesu ya ɗaga hannu, a fito gaba, a maimaita addu'a, a rubuta sunaye. Bayan wata uku ga takarda, babu mutane. Waɗanda suka rage kuwa, fuskokin da suka fito bana su ne na bara. To, wanda ya fito sau uku, ya zo yana cewa "Malam, yaya zan san na sami ceto?", me za a ce masa?

Baba Rabaran: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kafin ka ba shi amsa, tambaye shi abin da ya fito da shi. Mutum uku za su tsaya a layi ɗaya gaban bagade, dalilinsu uku. Na farko tsoron wuta ya koro shi, don mai wa'azi ya kwatanta ta har ya ji zafinta. Na biyu bukata ce, ciwo ko rashin aiki ko rashin haihuwa. Na uku ya ga zunubinsa, ya ga ba shi da mafita sai Almasihu. Duk a karɓe su da hannu biyu, amma na ukun ne kaɗai ya san abin da ya zo nema. Tuba juyawa ce mai fuska biyu: ka ba zunubi baya, ka fuskanci Almasihu da bangaskiya. Hawaye ba ma'auni ba ne. 2 Korantiyawa 7:10 ta raba baƙin ciki gida biyu, irin na Allah mai kai ga tuba, da irin na duniya mai kai ga mutuwa. Bitrus ya yi kuka, Yahuza ma ya yi nadama har ya mayar da azurfa 30. Bambancinsu inda kowa ya nufa da baƙin cikinsa.

Ɗalibin Tauhidi: Baba, a ba ni izini in ƙara tarihi kaɗan. Fitowa gaba ba daga zamanin manzanni ta taso ba. A Amurka ta yi ƙarfi, a shekarun 1830, lokacin da mai wa'azi Charles Finney ke ware benci a gaba don masu damuwa da ransu. Daga baya manyan tarurrukan bishara suka yaɗa ta ko'ina. Ban ce haramun ba ce. Dabara ce ta gane wanda ke son a zauna da shi. Ɓarnar tana farawa ne ranar da muka mai da dabarar ta zama ceton kansa, har mutum ya riƙa cewa "na sami ceto don na fito gaba a shekara kaza."

Mai Bishara: Malam, a yi hankali kada garin gyaran gira a rasa ido. Romawa 10:9 a fili take: ka shaida da baki Yesu Ubangiji ne, ka gaskata a zuci Allah ya tashe shi daga matattu, za ka sami ceto. Yarin kurkukun Filibi cikin dare ɗaya ya tambaya, ya ji, ya gaskata, aka yi masa baftisma kafin gari ya waye. Idan muka ce wa sabon tuba ya jira mu ga halinsa tukuna, mun mai da ceto ladan aiki, Afisawa 2:8-9 kuwa ta rufe wannan ƙofa.

Baba Rabaran: Gaskiyarka, amma ka ƙarasa zuwa aya ta 10, inda aka ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Ka kuma duba babi na 8 na Ayyukan Manzanni. Saminu mai sihiri ya ba da gaskiya, an yi masa baftisma, yana manne da Filibus. Da ya ciro kuɗi zai sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Ceto na iya zama na dare ɗaya. Sanin da ikkilisiya za ta yi cewa na gaske ne, shi ke cin lokaci.

Uwar Zumunta: Ku maza kun tafi sama, yaron nan yana tsaye yana jiran amsa. Malamin Lahadi, ɗauki 1 Yahaya ku karanta tare, babi 5 ce kawai, zama ɗaya ya isa. A 5:13 marubucin ya faɗi dalilin rubutunsa: don masu ba da gaskiya su san suna da rai madawwami. Su sani, ba su yi ta zato ba. Abu uku yake ta maimaitawa. Me mutum ya ce game da Yesu (4:15, 5:1)? Yana kiyaye umarninsa (2:3)? Yana ƙaunar 'yan'uwa (3:14)? Kada ka ba shi maki kamar jarrabawa. Ka ce masa, abin da kake yi da can hankali kwance, yanzu in ka yi, barci na ɗaukarka? Wanda ke gaba da kishiyar uwarsa shekara da shekaru, yanzu abin ya fara damunsa, wannan alamar rai ce. Gawa ba ta jin tsinken allura.

Ɗalibin Tauhidi: Mama ta taɓo ɗaya daga cikin duwatsun murhu uku. Shaidar bangaskiya ta Westminster, wadda aka kammala a Landan a 1646, ta ware babi na 18 don tabbacin ceto, ta ɗora shi a kan alkawaran Allah, da alamun alheri a cikin mutum, da shaidar Ruhu Mai Tsarki ta Romawa 8:16. Ta kuma faɗi abin da ke kwantar da hankali: mai bi na gaske na iya daɗewa yana fama kafin ya sami tabbaci, kuma tabbacin na iya girgiza. Wato ceto daban, sanin an samu daban. John Wesley shekararsa kusan goma da zama limamin Anglikan, har ya je Amurka aikin bishara ya dawo, kafin daren 24 ga Mayu 1738 da ya ce ya sami tabbaci an ɗauke zunubansa.

Baba Rabaran: Murhun na da kyau, sai dai duwatsun ba girmansu ɗaya ba. Alkawari shi ne babba, don shi kaɗai ne ba ya cikin mutum. Ji na zuciya yana hawa yana sauka da zazzaɓi, da bashi, da rashin barci a zafin Afrilu ba wuta. Halin kirki ma wata ran ka duba ka ga ba yawa. Amma Yahaya 6:37, inda Yesu ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba, yadda take jiya haka take yau. Saboda haka tsarin zama da mai shakka shi ne: alkawari da fari, sa'an nan a duba 'ya'ya, a ƙarshe a koma kan alkawari. In ka fara da "duba kanka", mai taushin zuciya zai nutse. In ka tsaya a alkawari kaɗai ba ka taɓa halinsa ba, mai taurin kai zai tafi da takardar izinin zunubi a aljihu.

Katikis: Gaisuwa, Baba. Mu a Katolika muna taka-tsantsan da kalmar tabbaci. Majalisar Trent, ta bishop-bishop na Katolika, a 1547 ta ce ba wanda zai iya sani, irin sanin da ba kuskure a cikinsa, cewa ya sami alherin Allah. Ba rahamar Allah muke shakka ba, kanmu muke shakka. Sa zuciya mai ƙarfi muke koyarwa, tare da ikirari da Jibin Ubangiji. Bulus kansa ya ce yana horon jikinsa kada bayan ya yi wa wasu wa'azi a yar da shi.

Mai Bishara: To Malam Katikis, Yahaya 10:28 fa? Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa.

'Yar Mawaƙa: Ba mai ƙwace su, amma in tunkiyar ce ta fice da ƙafarta? Ibraniyawa 6:4-6 na maganar waɗanda suka ɗanɗana baiwar sama suka fanɗare. A wata majami'ar a ce ceto ba ya ɓata, a maƙwabciyarta a ce fushi ɗaya in ƙahon dawowar Yesu ya busa an bar ka. Matasa na jin duka biyu a waya, kansu ya ɗaure.

Ɗalibin Tauhidi: 'Yar'uwa, gardamar ta girmi kakanninmu. Mabiyan malamin tauhidi Arminius, masu shakkar cewa ceto ba ya ɓata, sun gabatar da ƙorafinsu a 1610, majalisar Dort a ƙasar Holan ta ba su amsa a 1618 zuwa 1619, har yau ba a rufe ba. Amma ki kawo wa ɓangarorin biyu mutum ɗaya: an yi masa baftisma, shekara biyar ke nan ya koma tsafi, ba ruwansa. Mai cewa ceto ba ya ɓata zai ce dama bai taɓa zama namu ba, ya kawo 1 Yahaya 2:19. Mai cewa yana ɓata zai ce ya samu ya yar. Duka biyun ba mai ce masa ya kwanta hankali. Duka biyun tuba za su kira shi. A aikin kiwo tazarar ba ta kai yadda ake hayaniya ba. Abin da ba shi da tushe a kowane ɓangare shi ne koyarwar cewa kowane tuntuɓe na fitar da mutum daga ceto, ya sake shiga ranar Lahadi. Ita ce ke haifar da masu fitowa gaba duk shekara. Maganin zunubin mai bi yana 1 Yahaya 1:9, ya furta, a gafarta masa. Ɗa in ya yi laifi haƙuri yake bayarwa, ba a sake raɗa masa suna.

Dattijo: Duk na ji, amma ni a ganina laifin ba na tauhidi ba ne, na bin sawu ne. Takardar sunaye na shiga aljihun sakatare, shi ke nan. Ga yadda ya kamata. Kafin taro, ba bayansa ba, a zaɓi masu bin sawu a koya musu. Namiji ga namiji, mace ga mace, kuma kada a ɗora wa mutum ɗaya fiye da uku. A daren, a rubuta lambar waya da unguwa da lokacin da mutum ke da sarari, don mai shago a Kantin Kwari ko mai tuƙa adaidaita sahu ba ka ganinsa da rana. A neme shi cikin kwana biyu. In aka kai mako, kunya ta riga ta shige shi, abokan da sun riga ka. Zuwa da kai ya fi aike, saƙon WhatsApp ba ziyara ba ce. A ba shi Bisharar Yahaya, babi 21, babi ɗaya kullum, mako uku ke nan. Wanda ba ya karatu a sa masa ta murya a memori. A haɗu sau ɗaya a mako, awa guda: me ka karanta, me ka gane, me za ka yi da shi kafin mu sake haɗuwa. Mako na gaba da tambayar ƙarshen nan za a fara. In ba a fara da ita ba, zaman ya koma hira.

Uwar Zumunta: Baba Dattijo, ƙara da cewa kada a ba shi makirfo da wuri. Mako biyu da tuba a tsayar da yaro yana ba da shaida, a ɗauki bidiyo a sa a Facebook. In ya yi tuntuɓe, kunya ba za ta bar shi ya dawo ba. In kuma danginsa ba su sani ba, an jefa shi cikin abin da bai shirya ba, mu kuma muna gidajenmu. Shi zai zaɓi ranar da zai faɗa da bakinsa, cikin ladabi. Yaron da bai kai shekara 18 ba, ba a yin komai da shi a bayan idon iyayensa. Kuma a koya wa kowane sabon mai bi cewa girmama uwa da uba na cikin Dokoki Goma. Gaisuwa, hidima, zumunci da maƙwabta, su ƙaru, kada su ragu.

Malamin Lahadi: Na gode iyayena. Baftisma fa? Wasu na cewa nan take, wasu wata shida, wasu shekara.

Mai Bishara: A Ayyukan Manzanni ba a jira. Ranar Fentikos mutum wajen 3,000 aka yi wa a yini ɗaya.

Katikis: Waɗannan Yahudawa ne da masu bin addininsu, sun san Attaura da annabawa tun suna yara. Da ikkilisiya ta shiga cikin masu bautar gumaka sai ta tsawaita. Wani tsohon tsarin ikkilisiya da ake dangantawa da Hippolytus na Roma ya sa shekara uku ana koyo, amma ya ce mai himma ba a duba tsawon lokaci, halinsa ake dubawa. Har sana'ar mutum ake tambaya kafin a karɓe shi aji. Mu har yanzu babba yakan bi matakai, a yi masa baftisma daren Ista.

Baba Rabaran: Ni ba na faɗa a kan watanni, a kan abin da ake yi a cikinsu nake faɗa. Ajin baftisma yakan lalace ta hanya biyu. Ta farko hadda: a haddace Addu'ar Ubangiji, Dokoki Goma, Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, a zuba wa dattawa kamar karatun aku. Ta biyu kati: saurayi ya shiga aji don an ce ba za a ɗaura masa aure a majami'a ba sai da katin baftisma. Don haka ranar ganawa da dattawa a bar tambayoyin da ke cikin littafi. A ce, gaya mana da bakinka me ya sa Yesu ya mutu. In ka tsaya gaban Allah yau, me za ka dogara da shi? In amsar ta fara da "ina ƙoƙari" ko "ina ba da zakka", bai gane ba tukuna, a sake bayani ba tare da wulaƙanci ba. Sa'an nan a tambayi matarsa ko wanda suke ɗaki ɗaya. Mutumin gida ya fi fasto sanin wanda ya tuba. Kuma ku lura, mafi yawan masu wannan matsala ba baƙi ba ne, 'ya'yanmu ne da aka haifa a ikkilisiya, masu sunan Bitrus da Rahila, sun iya waƙoƙi duka. Nikodimu malamin Isra'ila ne aka ce masa dole a sake haifarsa.

Dattijo: Akwai abu biyu da ake tsallakewa a aji don nauyin baki. Laya da biyan hakki. A ƙauyukanmu na wajen Sumaila da Rogo da Tudun Wada, har a nan birni, mutum na zuwa sujada da guru a ƙugu, jariri da kambu a hannu. A Afisa masu sihiri da kansu suka kawo littattafansu suka ƙone, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Da kansu, ba ƙwace aka yi ba. In ka tsinke layar da hannunka tsoron na nan, gobe zai sayo wata. A zauna a tambaye shi me layar ke tsare masa. Mayu? Ciwon yaro? Sai a koya masa Kolosiyawa 2:15, cewa Almasihu ya ci nasara a kan ikokin duhu, a kuma gaya masa abin da zai yi in yaro ya sanƙare da tsakar dare: addu'a, a kira ɗan'uwa, a nufi asibiti. In ba ka ba shi abin yi ba, boka na da amsa a shirye. Biyan hakki kuwa, Zakka mai karɓar haraji ya ce zai mayar riɓi huɗu. Mai awo da mudun da aka bubbuga gindinsa, mai algus, mai riƙe da kuɗin adashin mutane: a rubuta abin da ake binsa, a tsara biya ko kaɗan-kaɗan ne, dattijo ɗaya ya raka shi. Ba sayen ceto ba ne. Amma a kasuwa wannan ce shaidar da ake ganewa.

'Yar Mawaƙa: Mai mata biyu ko uku da ya tuba fa, Baba?

Baba Rabaran: 'Yata, wannan ta wahalar da manya. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth a 1888 ya ce kada a yi wa mai mata da yawa baftisma. A 1988 suka sassauta: a yi masa, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba, ba kuma za a tilasta masa korar kowa ba. Ɗariku sun bambanta, kowa ya tambayi dokar tasa. Abin da ba na yarda da shi shi ne a kori mace da 'ya'yanta su rasa mai ci da su, a kira wannan tsarki.

Ɗalibin Tauhidi: Wani abu game da kalmar kanta. Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun fassarar 1932 da su Dokta Miller na Zariya suka yi aikinta, "almajiri" yake kiran mai bin Yesu. A garin nan ba sai an yi wa kowa bayanin almajiri ba. Yana barin gida, ya zauna gaban malami, ya ga cinsa da kwanansa da fushinsa, ba ya wanke allo sai ya iya abin da ke kai. Mu kuwa mun mai da almajiranci kwas na mako goma sha biyu da satifiket. Markus 3:14 ta ce Yesu ya zaɓi sha biyun don su kasance tare da shi, kafin maganar aike. Matiyu 28:20 kuma ba ta tsaya a koya musu ba, ta ce a koya musu su kiyaye.

Uwar Zumunta: Shi ya sa Titus 2 ta ba tsofaffin mata aikin. Yarinya ta fi koyon haƙuri a madafa tana tankaɗe kusa da ke fiye da a benci. Amma Malamin Lahadi, kada ka manta da ɗaya irin. Akwai wadda ba ta fashin sujada, ba ta da wani ɓoyayyen zunubi, kullum tana kuka wai ta yi saɓon Ruhu Mai Tsarki. Irin wannan kada ka ba ta 2 Korantiyawa 13:5, ta riga ta gwada kanta har ta gaji. Nuna mata Markus 3, cewa waɗanda aka yi wa wannan gargaɗi mutane ne da suka ga aikin Yesu suka ce na Iblis ne, ko a jikinsu. Mai tsoron ta yi, tsoron nan kansa shaida ne cewa ba ta yi ba. Ba ta 1 Yahaya 3:20, cewa Allah ya fi zuciyarmu girma. In kuma abin ya haɗa da rashin barci, rashin cin abinci, ko maganar gara ta mutu, kada ka ce aljani ne ka ƙara mata azumi. A gaya wa na gida, a raka ta ta ga likita, ana addu'a ana shan magani.

Mai Bishara: Na karɓi maganar bin sawu, Baba Dattijo. Amma kada a zarge mu da kowane wanda ya koma. A misalin mai shuka ƙasa iri huɗu ce, mai shukar kuwa ba shi da laifi. Wadda ta faɗa kan marmara ita ke riga tsirowa, manomi ya yi ta murna, rana ta buɗe kwana biyu ta ƙone. Ta cikin ƙaya kuma ba ta mutu ba, tana nan kore, ba zangarniya, kamar dawar da ƙuduji ya kama. Bulus ma Dimas ya gudu ya bar shi.

Dattijo: Ba mai laifi a kan marmara. Ƙuduji kuwa ana cire shi kafin ya yi fure, kuma aikin mai gona ne.

Malamin Lahadi: Iyayena, taronmu saura mako biyar. Masu bin sawun nan, zama nawa ya isa a koya musu, kuma wa ya kamata ya tsaya a kai, fasto ko dattawa?

Dattijo: Zama huɗu, Asabar da yamma. Na farko yadda za su faɗi bishara cikin minti biyar ba tare da kame-kame ba, na biyu 1 Yahaya, na uku laya da biyan hakki da riƙe sirri, na huɗu su gwada a kan junansu kana saurare. Dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata su riƙe takardar, fasto aiki ya yi masa yawa. Ka ware kuɗin mota daga baikon taron tun yanzu, don daga Sabon Gari zuwa Badawa ba da ƙafa za su je ba.

Katikis: In za ku yarda, a zama na uku ku ƙara maganar ikirari. Wanda ya faɗa wa mai bin sawu asirinsa, wa ke da izinin ji bayan shi?